Daga Salford Zuwa Andalus: Kwana Huɗu, Fasfo Uku Da Littattafan Zauren Baba

Wani yammacin Lahadi ne a ƙarshen watan Agusta, ruwan nan na Salford da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa yana ta yayyafi a jikin taga, maiɗakina ta dawo daga aiki, ta ajiye jaka ta ce an amince mata da hutun kwana biyar a farkon Nuwamba. Shekararmu uku a garin nan. A cikinsu ba mu taɓa zuwa ko'ina don buɗe ido kawai ba, in ka cire Blackpool da muka je wuni ɗaya iska ta koro mu. Kuɗin da ya taru gida yake tafiya, hutun da ya samu kuwa ko a yi shi a kan gado ko a cike shi da ƙarin aiki. Ta ce wannan karon ba ta yarda ba, rana take son gani da teku. Na ce to, sai Sifaniya.

Ba wai na san ƙasar ba ne. Abin da na sani shi ne jiragen Manchester zuwa Malaga kamar motocin Kano zuwa Zariya suke, kullum akwai, kuma tafiyar ba ta wuce awa uku. Daga tashar Salford Crescent, nan kusa da jami'a, jirgin ƙasa ɗaya zai kai ka filin jirgin sama ba sai ka canza ba. Wani Bature abokin aikina yakan yanke shawara ranar Alhamis, Asabar ta same shi a kwance a bakin ruwa. Mu masu koren fasfo ba daga sayen tikiti shirinmu yake farawa ba.

Izinin zama a Birtaniya ba ya buɗe maka ƙofar Turai. Nan ne sababbin ɗalibai suka fi ruɗewa. Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Schengen ba ko a lokacin da take cikin Tarayyar Turai, balle yanzu da ta fita. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ko ɗan Ghana da ke zaune a nan dole ya nemi bizar Schengen, kuma a hannun ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta. Kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yunin 2024, a da 80 ne, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. A ba ka ko a hana ka, kuɗin ya tafi. Kana iya nema tun ana saura wata shida ka tafi. A ƙa'ida cikin kwana 15 ake yanke hukunci, amma yana iya kaiwa kwana 45, saboda haka wanda ya bari sai saura mako uku da kansa yake wasa.

Takardun da kansu ba su da wuya, yawa gare su. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000. Wasiƙa daga wurin aiki ko makaranta, da bayanan asusun banki na watannin baya. Sifaniya tana da nata ma'aunin guzuri: a 2025 tana son ta ga kana da Yuro 118 da 'yan kai na kowace rana, kuma jimillar kada ta gaza Yuro 1,065 ko da kwana biyu za ka yi. Ba kashe su za ka yi ba, a gan su kawai ake so, kuma a gan su sun zauna a asusun, ba jiya wani aboki ya turo maka aro ba. Sai shaidar zamanka a Birtaniya. Tunda katin BRP ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu ta intanet ake ciro lambar da ke nuna matsayinka, kuma shawarata ka buga ta a takarda ka riƙe, a ofishin biza da kuma ranar dawowa.

Sa'armu ɗaya, Sifaniya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Manchester, ba sai mun kashe kuɗin zuwa Landan ba. Yaƙin yana wajen samun ranar ganawa. Kwana tara na yi ina buɗe shafin bayan sallar Asuba kafin na dace da gurbi biyu a rana ɗaya. A wani zauren WhatsApp na 'yan gida har da masu tallan gurbi, kawo kaza in samo maka ranar gobe. Ban kula su ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya miƙa hoton fasfonsa ga mutumin da bai taɓa gani ba.

Akwai kuma fargabar da muke tahowa da ita daga gida. Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai na 2024 sun nuna kusan kashi 46 cikin 100 na masu neman bizar Schengen daga cikin Najeriya hana su aka yi. Mai nema daga nan, da aikinsa da adireshinsa, lamarinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wanda ya taɓa tsayawa layin biza a Abuja ko Legas ba ya cike fom hankali kwance. Hani ɗaya yana shiga tarihinka, kuma akwai ƙasashen da duk ranar da ka nemi bizarsu sai sun tambaye ka ko an taɓa hana ka a wani wuri.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda lamarin ke cin wutsiyarsa. Ba za a ba ka biza ba sai ka nuna jirgin da za ka hau da wurin da za ka kwana, jiragen nan masu araha kuwa ba sa mayar da kuɗi in an hana ka. Masauki da sauƙi, ka zaɓi wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Jirgi kam sai ka rufe ido ka biya. Ma'ana dole ka gama tsara tafiyar kaf, gari da gari, dare da dare, tun ba ka san ko za a bar ka ka shiga ba.

A nan rigimar gida ta fara. Ƙanin maiɗakina yana karatun digiri na biyu a Birmingham, yana jin labari ya ce ƙafarmu ƙafarsa. Daren da ya zo mana ya buɗe taswira a wayarsa ya fara zane: mu sauka a Barcelona, mu wuce Madrid a ga filin Bernabéu, mu gangara Seville, sannan Malaga. Na ce masa, kai yaro, kwana huɗu ne fa. Ya ce, Yaya, ai jiragen ƙasansu gudu gare su. Gaskiyarsa, suna da gudu. Amma Barcelona zuwa Malaga kusan kilomita 1,000 ne a hanya, kuma duk garin da ka ƙara, ka ƙara tasha da jan jaka da neman ƙofar masauki da dare. Irin wannan tafiyar mutum yakan dawo da hotuna ɗari uku bai zauna ko'ina ya sha shayi ba. Yayarsa ta ce ita dai ko ina za a je, a ƙare a bakin ruwa. Muka kwana ba matsaya.

Baba ne ya raba gardamar daga Zariya, shi bai ma san ana yi ba. Na kira shi ranar Juma'a kamar yadda na saba, a cikin hira na ce muna shirin ɗan fita. Ya ce, ina kuma za ku? Na ce Sifaniya. Ya ce, garin 'yan ƙwallo? Na ce a'a Baba, kudancinta, wajen da ake kira Andalus. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, Andalus ta Alfazazi?

Baba tsohon magatakardan kotun alƙali ne. A zaurensa akwai wata kanta ta katako da na tashi ina gani, littattafai masu ruwan ɗorawar takarda jere a kai, wasu a cikin gafaka. Ban taɓa tunanin waɗannan littattafan suna da garuruwa ba, garuruwan da ake sayen tikitin jirgin ƙasa a je. Daren nan na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, abin ya ba ni kunya ya kuma ba ni mamaki.

Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi da daren Juma'a a ƙasar Hausa, mai ita Abu Zaid Alfazazi haifaffen Kurɗuba ne, ya rasu a 1230. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da malamanmu ke karantarwa, ruwayar da ta fi yaɗuwa ta Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Kurɗuba da ya rasu a 848. Tafsirin Ƙurɗubi sunan garin ne a goshinsa, duk da mai shi a Masar ya ƙare rayuwarsa a 1273. Bidayatul Mujtahid ta Ibnu Rushdi, shi ma a Kurɗuba aka haife shi a 1126. Alfiyyar da ɗaliban nahawu ke haddacewa, Ibnu Malik ɗan Jayyan ne, garin da yau ake rubutawa Jaén, tsakanin Kurɗuba da Garnaɗa ta gabas. Ashafa da ake karantawa da azumi, Alƙali Iyal a Sabta aka haife shi, a gaɓar Afirka, amma ya yi karatu a Kurɗuba kuma ya riƙe alƙalancin Garnaɗa na ɗan lokaci. Sai wanda ya fi kusa da zuciyar Baba, Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan Arewa suka daɗe suna hukunci da shi a kan aure da gado da ciniki. Mai shi Ibnu Asim babban alƙalin Garnaɗa ne, ya rasu a 1426. Wato shari'ar da Baba ya yi shekaru yana rubutawa a rijista, wani ɓangare na ƙa'idojinta a gindin tudun Alhambra aka tsara shi.

Hanyar ma ba ta tsaya a littattafai ba. Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙi ɗan Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajjin 1324 ya biyo shi Mali, ya rasu a Timbuktu a 1346, kuma shi ake dangantawa da ginin masallacin Jingarebar. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, shi ma a Garnaɗa aka haife shi, kuma littafinsa da aka buga a Venice a 1550 ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Har a bakin mutanen ƙasar akwai saura. Shugaban ƙaramar hukuma a Sifaniyanci alcalde ake ce masa, tushensu ɗaya da alƙalinmu. Babban kogin da ya ratsa Kurɗuba, Guadalquivir, Alwadil Kabir ne harshe ya lanƙwasa.

Da na gama wannan lissafi, taswirar ta zana kanta. Kurɗuba da Garnaɗa, sai Malaga don shiga da fita da kuma tekun uwargida. Garuruwa uku ne kamar duwatsun murhu, babu wanda ya fi awa biyu daga ɗan'uwansa. Madrid ta faɗi, Barcelona ta faɗi. Seville ce ta yi min ciwo, don hasumiyarta Giralda asalinta hasumiyar masallaci ce ta zamanin Muwahhidai, 'yar'uwar Kutubiyya ta Marakish. Amma in na saka ta sai na gutsure Garnaɗa, ban yarda ba. Ƙanin nawa ya yi fushi na kwana biyu, daga baya ya ce a bar shi ya sayi rigar ƙwallo a filin jirgi, an daidaita.

Lokacin ma ya yi mana daidai ba da shirinmu ba. Kurɗuba tana cikin wurare mafiya zafi a Turai, a Yuli da Agusta ma'auni yakan wuce 40. Na san akwai Basakkwacen da zai ce wannan ai wasa ne, amma zafin da kake zaune a inuwa daban, wanda kake yawo a kan dutse da jaka a baya daban. A farkon Nuwamba yanayi ya yi laushi, cunkoso ya ragu, masauki ya sauko. Kuma a lokacin da Salford ke duhu tun ƙarfe huɗu da rabi, can rana tana kaiwa bayan shida. Agogonsu yana gaban na Ingila da awa ɗaya. Mai son bazara ya lura da makon Ista, lokacin da garuruwan Andalus ke cika maƙil da jerin gwanon coci, da farkon Mayu da Kurɗuba ke bikin furannin tsakar gida, farashi yakan tashi.

Ga yadda muka tsara. Laraba 5 ga Nuwamba mu tashi da sassafe, mu sauka Malaga da hantsi. Daga filin jirgin akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke kai mutum babbar tashar María Zambrano cikin kamar minti goma, daga nan mai gudu ya kai mu Kurɗuba cikin awa ɗaya. A tikiti Córdoba za ka gani, Garnaɗa kuma Granada. Yammacin ranar babu komai sai yawo a tsohon gari, mu tsaya gaban mutum-mutumin Ibnu Rushdi da ke jikin ganuwa, mu haye tsohuwar gadar Rumawa mu kalli masallacin daga ƙetaren kogi. Na kuma yi wa kaina alƙawarin leƙa shagunan fata, don garin ya yi suna da jima tun zamanin da. Ina son in ga ko aikinsu ya kai na majemanmu, tunda fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, mai yawa daga cikinta ta jar akuyar Sakkwato ce da ta ƙetare Sahara.

Alhamis da safe sai babban masallacin. Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina shi wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗawa, Alhakam na Biyu ya yi mihrabin nan mai ruwan zinariya a ƙarni na 10, Almansur ya yi ƙari na ƙarshe. Ginshiƙai fiye da 800 ne, kowanne ɗauke da bakan gizo hawa biyu, ja da fari. Ni da na tashi ina shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, abin da nake son gani shi ne yadda wasu magina suka warware matsala iri ɗaya, ta ɗaga rufi sama a kan jama'a masu sahu. Daga Litinin zuwa Asabar ana buɗe ƙofa kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe ga masu zuwa ɗai-ɗai, shi ya sa muka kama masauki a kusa.

Akwai abin da na zaunar da abokan tafiyata na faɗa musu tun a nan. Ginin coci ne tun 1236, lokacin da Sarki Fernando na Uku ya ci garin, kuma daga 1523 aka gina babban ɗakin ibadar Kirista a tsakiyarsa. Ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi suna lura, kuma suna tsayar da wanda ya gwada. Na san halin ƙanin nawa da son ɗaukar bidiyo. Na ce masa mu baƙi ne da bizar kwanaki, ba mu je ƙwato komai ba. Akwai ƙaramin masallaci a lambun Colón a cikin gari, can za mu yi Azahar.

Ni dai ba na cikin masu zuwa Andalus don kuka. Na sha jin wa'azin da ke ba da labarinta kamar wata aljanna da aka ƙwace dare ɗaya. Shi ya sa na dage sai mun je Madinatuz Zahra, kimanin kilomita takwas yamma da gari, ko da zai ci mana rabin wuni. Halifa Abdurrahman na Uku ne ya fara gina wannan birnin fada wajen 936. Bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi aka rushe, kuma ba Kiristoci suka yi ba, yaƙin basasar Musulmin Kurɗuba ne a kan gadon mulki, wajen 1010. Wanda ya san tarihin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina da Gobir ba zai ji labarin baƙo ba. UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 2018. Ba a buɗewa ranar Litinin, mai tsara tafiya ya kiyaye.

Da yamma mu hau jirgin ƙasa zuwa Garnaɗa, kamar awa ɗaya da rabi. Da gangan na sa Juma'a ta same mu a can. A saman unguwar Albaicín akwai masallacin da aka buɗe a 2003, kuma daga lambunsa kana kallon Alhambra ido da ido, duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Kafin salla za mu leƙa Madarasa, makarantar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349, tana nan kusa da babbar cocin garin, ɗakin sallarta na nan da adonsa. A zamanin Ibnu Asim makarantar tana aiki. Wannan kaɗai ya isa in tsaya a ƙofarta in ɗaukar wa Baba hoto. Hawan unguwar tudu ne mai tsakuwa, na gaya wa uwargida ta manta da takalmin kwalliya.

Alhambra kuwa ita ce ta fi komai buƙatar shiri, kuma a nan mutane ke yin asara. Tikitin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, kuma sai ka nuna fasfon a ƙofa. Shiga fadojin Banu Nasar, inda farfajiyar zakuna take, da lokaci ne ƙayyadadde. Ka makara, ka rasa. Tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar, kuma akwai shafuka da yawa masu kama da na hukuma da ke ninka farashi, don haka a nemi na hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra. Mu namu na Asabar ne ƙarfe goma na safe. Na saye su tun kafin mu miƙa takardun biza, don in na jira fasfo ya dawo ba lallai in samu ba. A jikin bangon fadojin an maimaita taken gidan sarautar, cewa babu mai rinjaye sai Allah, ba iyaka, tare da baitocin wazirinsu Ibnu Zamrak. Wanda ya yi makarantar allo zai iya tsintar kalmomi da idonsa alhali Turawan da ke gefensa ado kawai suke gani. Daga wannan fada Sarki Muhammadu na Goma Sha Biyu, wanda suke kira Boabdil, ya fita ya miƙa garin ranar 2 ga Janairun 1492.

Maganar abinci ta ɗauke mu dare guda. Ƙasar nan naman alade ne abin alfaharinta, cinyoyinsa rataye a shaguna kamar yadda ake rataye kilishi. Matsalar ba wanda kake gani ba ce, wanda ke ɓoye ne. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta Kurɗuba, a al'ada ana barbaɗa mata shi a sama. Wasu kayan zaƙi irin su mantecados da kitsensa ake yi. Mun haddace kalmomi kaɗan: jamón da cerdo alade ne, manteca kitse, sin kuma yana nufin ban da. A Garnaɗa babu damuwa, layin Calderería Nueva cike yake da gidajen shayi da abincin 'yan Maroko. A sauran wurare kifi ya wadatar, ga soyayyen gauta da ake zuba wa zuma. Sai dai a san lokacinsu: abincin rana daga ƙarfe biyu, na dare sai takwas da rabi ko tara. Uwargida ta ce ko me za a yi sai ta saka yaji da garin rogo a jaka. Na ce yaji babu laifi, amma kilishi ya zauna a gida, don ba a yarda matafiyi ya shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga Birtaniya ba.

Asabar da yamma mota za ta dawo da mu Malaga, tafiyar kamar awa biyu. Lahadi ta teku ce, ba na taɓa ta. Da safe mu taka zuwa unguwar masunta ta Pedregalejo inda ake gasa kifin sadin a jikin tsinke, a kan garwashin da aka hura cikin tsohon kwalekwale, kusan yadda mai tsire ke kafa tsinkensa a gefen wuta. In lokaci ya ba da dama mu hau Alcazaba, ganuwar ƙarni na 11 da ke kallon tashar ruwa, wadda ake shiga kyauta ranar Lahadi bayan ƙarfe biyu. Jirginmu na dare ne.

Da nake duba taswirar gaɓar, na daɗe a kanta fiye da yadda na yi niyya. A Tarifa, can yamma, kilomita 14 ne kawai tsakanin Turai da Afirka. Wannan ruwan da za mu zauna muna kallo da kifi a hannu, shi ne wasu 'yan yankinmu suka bi ta Agadas da hamada don su ƙetare, wasu sun kai, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da yawa cikin waɗanda suka kai suna gabas da Malaga, a gonakin leda na Almería, suna tsinkar tumatir da tattasan da nake saya a kantunan Salford da hunturu. Tun daren nan na rage mita a kan Yuro 90.

Lissafin kuɗi dai bai yi daɗi ba. Kuɗin biza da ladan kamfani da inshora, a kan kowane mutum, sun fi kuɗin jirgin zuwa da dawowa. Mun rage ta hanyar ɗaukar jakar baya kaɗai, don a jiragen nan akwati yakan kusa kai kuɗin kujera. Jiragen ƙasa ma tun wuri muka saya, farashinsu hawa yake in rana ta matso. Akwai kuma sabon tsarin shige da fice na Turai da ya fara aiki ranar 12 ga Oktoban 2025, inda na'ura ke ɗaukar hoton fuska da bayanan matafiyi, aka riƙa shigo da shi sannu a hankali. Saboda shi na bar tazarar awa uku tsakanin saukarmu da jirgin Kurɗuba, gara mu zauna a tasha mu sha shayi.

Fasfona da na maiɗakina sun dawo bayan kwana goma sha ɗaya. Ita ta buɗe ambulan, ni na kasa. An ba mu, ta 'yan kwanaki ce, daidai tafiyar da ɗan ƙari. Na kira Baba na gaya masa. Ya ce in na je Garnaɗa in nemi kabarin Ibnu Asim in yi masa addu'a. Na ce Baba, maƙabartun Musulmin garin an tashe su tun bayan 1492, gine-gine ne a kansu yanzu. Ya ce to, in yi daga inda na tsaya, ai tana isa. Ya ƙara da cewa in ɗauko masa mihrabin Kurɗuba da kyau, kada hannuna ya yi rawa kamar hoton da na turo masa na dusar ƙanƙara.

Na ƙanin nawa ne shiru har yau. Ya makara wajen samun wasiƙar makaranta, ya miƙa takardunsa mako biyu bayan namu. Kullum da safe sai ya turo min saƙo daga Birmingham: Yaya, har yanzu. Tikitinsa na Alhambra yana nan manne a jikin firij tare da namu, da sunansa da lambar fasfonsa, Asabar 8 ga Nuwamba, ƙarfe goma. Ba na iya ba wani, ba na iya canza ranar. Saura kwana goma sha tara.